Ni na rubuta, ƙawata ta zana, yanzu littafin na neman raba mu

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce, na daɗe ina rubutu ina ajiyewa. Shekara biyu da suka wuce na rubuta labarin yara a kan wata yarinya da kakanta wanda mantuwa ta fara kamawa, har wani lokaci ba ya gane ta. Kakana nake tunawa sa'ad da nake rubutawa, Allah ya ji ƙansa. Na nuna wa wata ƙawata tun ta ƙuruciya, wadda Allah ya yi wa baiwar zane, nan take ta ce ita za ta zana hotunan. Ba mu rubuta komai ba, don ba mu taɓa buƙatar takarda a tsakaninmu ba. Na dai ba ta ɗan abin sayen kayan aiki, muka ce sauran magana sai littafi ya fito.

Da zanen ya fara zuwa sai na ga abubuwan da ban rubuta ba. Ta saka wata kyanwa a kowane shafi. Ta ce in rage kusan rabin rubutun, wai hoto ya riga ya faɗa. Shafin ƙarshe ma, wanda na fi shan wahala a kansa, so take a bar shi babu kalma ko ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kakan. Ta zana shi gajere mai jiki, kullum yana dariya, nawa kuwa dogo ne siriri mai kamun kai. Na sha mayar mata da zane, har wanda ta gama saka wa launi. Daga nan ta fara jan ƙafa, sai in yi sati ban ji ɗuriyarta ba. Kwanan nan ta turo mini saƙo cewa tana son sunanta a bango daidai da nawa, da rabin duk abin da littafin zai kawo. Ni ce kuma zan biya kuɗin bugawa.

Ana cikin haka wata edita a wani kamfanin wallafa littattafai ta karanta labarin ta ce ya burge ta, amma in suka karɓa su za su zaɓi mai zanensu. Ban gaya wa ƙawata ba. Anti, labarin nawa ne, amma ba na so in rasa ta. Yaya zan yi?

Daga wata mai karatu

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ji ƙan kakanki, ya kai haske kabarinsa. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma inda na fi daɗewa shi ne wurin da kika ce naki dogo ne siriri. A nan zafin yake. Kin rubuta labarin ne don ki riƙe mutumin da kika rasa, sai kika buɗe takarda kika tarar da wani baƙo zaune a wurinsa yana dariya. Duk wanda ya taɓa rashi zai gane wannan ciwon, kuma ba na so ki ji kunyarsa. Ina dai roƙonki ki ɗan ajiye shi gefe tukuna, za mu dawo kansa, domin ya cakuɗe da wasu batutuwan da ba ruwansu da shi, har kin fara ganin kyanwa da rage rubutu da maganar suna duk ƙwace ɗaya ne ake yi miki.

Abin da na gani shi ne ku biyun kun ƙulla yarjejeniya iri biyu a zukatanku ba tare da kun sani ba. Ranar da ta ce ita za ta zana, ke abin da kika ji shi ne ƙawa za ta taimaka miki ki fitar da littafinki. Ita kuwa abin da ke ranta shi ne za ku yi littafinku. Babu wadda ta yi wa wata ƙarya. Ɗan kuɗin kayan aikin nan ma kowa da yadda ta ɗauke shi: ke kina ganin kafin alƙalami ne na aikin da kika bayar, ita tana ganin gudummawar fenti da takarda ce daga abokiyar tafiya. Duk abin da ya biyo baya daga nan ya tsiro. Wadda aka ɗauka aiki ba ta cewa a cire rabin rubutu, amma abokiyar tarayya dole ta faɗa in ta ga hakan ya fi. Saboda haka tambayar da ke gabanki ɗaya ce, ke kaɗai kuma za ki iya amsa ta: aiki kika ba ta, ko haɗin gwiwa kuka yi? Kowanne daidai ne, kowanne kuma da nauyin da yake ɗora miki. Wanda ba zai yiwu ba shi ne ki riƙe ikon mai ba da aiki alhali abin da kike biyan ta da shi alƙawarin "sai littafi ya fito" ne.

Kafin ki amsa, mu duba irin littafin da kuke yi. Littafin yara mai hotuna yawanci shafi 32 ne. Dalilin daga maɗaba'a yake: ana buga shafuka da yawa a kan babbar takarda ɗaya, a ninke, a yanke, shi ya sa adadin yake tafiya takwas-takwas. In an cire shafin suna da na bayanan bugu, abin da ya rage wa labari bai wuce buɗi 12 zuwa 14 ba, wato shafi biyu-biyu masu kallon juna. Kalmomi kuwa a irin waɗannan littattafan ba kasafai suke kai dubu ɗaya ba, da yawa ma ba su cika ɗari biyar ba. Yaron da aka yi littafin dominsa sau da yawa bai iya karatu ba tukuna. Kunnensa na wurin muryar babba, idonsa na kan hoto. In rubutu ya ce yarinya ta sa jar riga ta zauna kusa da kakanta cikin damuwa, hoto kuma ya nuna hakan, an faɗa masa abu ɗaya sau biyu, kuma zai miƙo hannu ya juya shafin kafin a kai ƙarshen jimlar. Ke malama ce, kin san wannan ɗan hannun.

A 1968 wata 'yar Ingila mai suna Pat Hutchins ta fitar da wani littafi a kan kaza da ta fita yawo a gona. Rubutun gaba ɗaya jimla ɗaya ce mai kalma 32, tana faɗin inda kazar ta bi har ta dawo gida. Ko sau ɗaya ba a ambaci yanyawar da ke bin ta a baya tana neman cafke ta, tana faɗawa cikin wahala iri-iri ba. A hoto kawai yanyawar take, kuma ita ce ta sa yara ke son littafin, domin yaro yana ganin abin da kazar ba ta sani ba, wanda mai karanta masa ma bai furta ba. Da wannan idon nake so ki sake kallon kyanwar ƙawarki. Ki tambaye ta, ba cikin tuhuma ba, me kyanwar take yi a labarin? In ta ce miki, alal misali, duk shafin da kakan ya rikice kyanwar takan matso ta jingina da shi, ko kuwa ita kaɗai ce bai taɓa mantawa ba, to ta ƙara miki wani zare ne da yaro ɗan shekara huɗu zai iya bi da yatsa a cikin batu mai nauyi. In kuwa babu amsa sai dai don a cike kusurwa, kina da damar cewa a rage ta.

Haka maganar rage rubutu. Mai zane ya ce wa marubuci ya cire wani sashe ba sabon abu ba ne, ba kuma raini ba ne. Lewis Carroll, mai labarin yarinyar nan Alice, ya cire wani sashe sukutum a kan wata rina daga littafin Alice na biyu da ya fito a 1871, saboda mai zanensa John Tenniel ya rubuto masa cewa sashen bai ja hankalinsa ba, bai kuma ga yadda zai zana shi ba. Tun kafin nan ma, a 1865, an janye bugun farko na littafin farko, kwafi 2,000, don Tenniel bai gamsu da yadda hotunan suka fito ba, alhali Carroll ne yake biyan kuɗin bugu daga aljihunsa, kamar yadda ke ma za ki yi. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Sai dai ba na ce ki yarda da rabin nan ido rufe ba. Akwai jimlolin da hoto ba zai iya ɗauka ba: abin da aka faɗa da baki, abin da ya faru jiya, amon kalmar da ake maimaitawa har yaro ya haddace yana faɗa tare da mai karatu. Waɗannan naki ne, ki tsaya a kansu.

Akwai hanyar da za ta raba gardamar ba tare da ɗayanku ta ci ɗaya ba. Ki ɗauki farar takarda takwas ki ninke su biyu, kin sami shafi 32. Ku manna kwafin zanen da rubutun, ku yi guda biyu, ɗaya da cikakken rubutunki, ɗaya da wanda aka rage. Ku sa wani daban, ba ke ba, ba ita ba, ya karanta wa yara masu shekarun da kuke nufi, ku kuma ku zauna a gefe kuna kallon yaran. Za ku ga inda suka yi tsit, da inda suka fara waige-waige, da inda suka nuna hoto suna tambaya. Game da shafin ƙarshe, ra'ayina ya ɗan karkata wajenta, domin labarin kakan da ke mantuwa yana da wurin da kalma takan yi yawa. Amma mai karanta wa yaro yana buƙatar inda zai sauke muryarsa, kuma ke kin sha wahala a kan wannan jimlar. Ku gwada mayar da ita shafin da ke kafin na ƙarshe, a juya, a tarar da hoton shi kaɗai. Sau da yawa wannan yakan ba kowa abin da yake nema.

To mu koma kan kakan. A nan kina da gaskiyar da ta fi ta sauran wuraren ƙarfi, amma sai kin rarrabe abu biyu. Akwai abin da labari yake buƙata, akwai abin da zuciyarki take buƙata. In labarin ya ginu a kan mutum mai kamun kai ne, wanda murmushinsa guda ɗaya a ƙarshe shi ne abin da yarinyar take jira, to kakan da ke dariya tun shafin farko ya kashe wannan murmushin, kuma wannan hujja ce da kowane mai zane na ƙwarai zai saurara. Tsawo da sirantaka kuwa na tunawa ne. Kina da damar roƙa, amma ki kira shi da sunansa, ki ce mata alfarma kike nema saboda kakanki. Ina kyautata zaton ba ta san girman abin a ranki ba, ko kuwa ta zaɓi fuskar dariya ne don kada batun ya tsorata ƙananan yara, wanda shi ma tunani ne mai kyau.

Ki kuma duba yadda kike ba ta gyara. "Ba haka yake ba" ba ya kai mai zane ko'ina, sai dai ya bar ta tana lalube a cikin kanki. Lokacin da marubuci Roald Dahl da mai zane Quentin Blake suke aikin littafinsu na 1982 a kan wani ƙaton mutum, ana neman irin takalmin da ya dace da ƙaton, sai Dahl ya naɗe takalminsa ƙafa ɗaya ya aika wa Blake ta gidan waya, shi aka zana. Ke ma ki ba ta abin da za ta riƙe. Ki kai mata hotunansa in akwai, ki nuna mata yadda yake zama, yadda yake ajiye hannuwansa, abin da ba ya rabuwa da shi. Ki ba ta labarin wata rana guda da kika yi da shi. Duk da haka ki shirya zuciyarki: abin da zai fito ba zai zama shi ba. Zai zama kakan duk yaron da ya buɗe littafin, kuma haka ya kamata. Naki na gaskiya yana da wurinsa a shafin sadaukarwa, da sunansa, inda babu mai taɓa shi.

Yanzu ki ba ni dama in tsaya a inda ƙawarki take tsaye. Labarin da ke ɗaukar minti biyar a karanta, zanensa aikin watanni ne. Kowane buɗi sai an yi tunanin inda ido zai fara sauka, da inda rubutu zai zauna, da yadda fuskar yarinya a shafi na 5 za ta zama ita ce dai a shafi na 27. Gyaran jimla a wurinki shafewa ne da sake rubutawa. Gyaran hoton da aka gama saka wa launi, musamman in da hannu aka yi a kan takarda, sau da yawa sake shi ne daga farko. Duk sa'ad da kika mayar mata da irin wannan, kwanaki kika mayar mata, kuma ba a biyan ta. Shirun da take yi miki bai yi mini kama da lalaci ba, ya fi kama da na wadda ta gaji ta rasa yadda za ta gaya wa ƙawarta. Wannan ba ya wanke ta gaba ɗaya. Ya kamata ta nuna miki kyanwar da kamannin kakan tun suna zanen fensir, ya kamata ta faɗi damuwarta da baki maimakon ɓacewa, kuma maganar rabin kuɗi ba a saƙon waya ake jefo ta ba bayan an yi nisa. Kina iya gaya mata haka. Masu wannan sana'a suna bin mataki-mataki ne saboda irin wannan: a fara amincewa da kamannin mutanen labarin, sannan ƙananan zane na tsarin shafuka duka, sannan zanen fensir, sai a ƙarshe launi. Gyara yana da araha a matakai ukun farko. In an kai launi, sai dai kuskure na zahiri.

Maganar suna ba na so ki ɓata ko dare ɗaya a kanta. Ki ba ta, daidai da naki, da zuciya ɗaya. Haka ake yi a littattafan hotuna, kuma duniyar littattafan yara ta daɗe da ɗaukar mai zane a matsayin mai ƙirƙira: lambar Caldecott da ake bayarwa a Amurka tun 1938 ta mai zane ce, lambar Hans Christian Andersen ta ƙasa da ƙasa ma tun 1966 take da ɓangaren masu zane daban. Yarjejeniyar Berne ta haƙƙin mallaka, wadda aka ƙulla a 1886 kuma sama da ƙasashe 180 suke cikinta, ta amince da haƙƙin mai aiki na a jingina masa aikinsa. Sunanta a bango ba ya rage naki da komai.

Kuɗi ne ke buƙatar lissafi. Rabin da ta nema ba daga sama ta tsinto shi ba. A kamfanonin wallafa, abin da aka saba a littafin hotuna shi ne a raba kason da ake ba masu littafi gida biyu tsakanin marubuci da mai zane. Bambancin shi ne a can kamfani ne yake ɗaukar kuɗin bugu da asara in ta zo, a nan kuwa ke ce. Don haka adalci shi ne a bambanta ciniki da riba: a fara mayar miki da abin da kika kashe na bugu da rarrabawa, abin da ya rage a raba. Ita ma ta zuba jari, na lokacinta, don haka kada ki ɗauki kuɗinki a matsayin dalilin da zai sa kasonta ya zama ɗan abin hasafi. In kuwa kin zauna da kanki kin ga cewa ke dai iko kike so, kalmar ƙarshe taki a kan kowane shafi, to ki zaɓi ɗaya hanyar da gaskiya. Ki tambaye ta ladan aikinta a matsayin ƙwararriya, ki biya kashi-kashi, wani a farko, wani in an amince da zanen fensir, sauran in an miƙa aiki. Ki sani kuma a dokokin ƙasashe da yawa biyan kuɗi shi kaɗai ba ya mayar da haƙƙin mallakar zane hannunki. Rubutu naki ne, hotuna nata ne, sai abin da ta ba ki izini a rubuce. Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka yana da kyau lauya ko ƙungiyar marubuta su duba muku takardar kafin ku sa hannu.

Sai editar nan. Abin da ta gaya miki al'adar kamfanoni ce, su suke haɗa rubutu da mai zane, har akwai marubutan da ba sa haɗuwa da masu zanensu sai bayan littafi ya fito. Ba ta raina ƙawarki ba, wataƙila ko zanen ba ta gani ba. Ki kuma lura cewa "ya burge ni" ba kwantiragi ba ne. Kada ki rushe abin da ke hannunki saboda kalmar da ba a rubuta ba. Akwai wani abu kuma da nake so ki auna: a hannun kamfani ikonki a kan hoto zai ragu ne, ba ƙaruwa zai yi ba. Kakan da baƙo zai zana zai iya fin na ƙawarki nisa da naki, kuma ba lallai a tambaye ki ba. In don ki kuɓutar da fuskarsa ne kike hararar wannan ƙofar, ba nan mafita take ba. In kuwa don yaɗuwar littafin ne da sauke nauyin bugu, wannan dalili ne mai ƙarfi, ba kuma laifi ba ne ki so shi.

Abin da ba zan goyi bayanki a kai ba shi ne ɓoyewa. Duk ranar da ta ƙaru ba ki gaya mata ba, tana zaune tana zana littafin da wataƙila kin riga kin fara fita daga cikinsa. In ta ji a bakin wani, ba maganar kyanwa za ku yi ba kuma, maganar amana ce, ita kuwa ta fi wuyar gyara. Ki gaya mata kafin ki sake magana da editar. Bayan haka kina iya tambayar editar ko za su duba samfurin zanen ƙawarki, shafi biyu ko uku da aka gama da kuma littafin gwajin nan na takarda takwas. Suna iya ƙi, suna iya karɓa, amma ƙawarki za ta san kin shigar da ita ɗakin.

Ki nemi ku zauna ido da ido, ba ta waya ba, kuma kada ki fara da lissafi. Ki fara da kakanki. Ki ce mata wani abu kamar haka: ban taɓa gaya miki yadda wannan tsohon yake a raina ba, shi ya sa nake ta mayar miki da zane ba tare da na iya faɗin abin da nake nema ba, na kuma san na ci miki lokaci. Sannan ki tambaye ta yadda ita ta ɗauki aikin tun farko, ki yi shiru ki saurara har ta gama. Daga nan ki kawo maganar editar, sai suna, sai kuɗi. In zama ɗaya bai isa ba ku yi biyu. In kuna jin muryoyi za su tashi, ku sa wani da ku duka kuke ganin girmansa, zai fi kyau in ya san harkar littafi.

Duk abin da kuka tsayar ku rubuta shi, ko da shafi ɗaya ne, kowa ta riƙe kwafi. Takardar ta faɗi yawan hotuna da ranar miƙa kowane mataki, da sau nawa za a yi gyara a kowane mataki (biyu ya wadatar), da wadda ke da kalmar ƙarshe a kan rubutu da wadda ke da ita a kan hoto, da yadda za a yi in kun saɓa. Ta faɗi yadda sunaye za su fito, da yadda za a raba kuɗi da lokacin da za a riƙa yin lissafi, da wadda za ta riƙe ainihin zanen, da abin da zai faru in an so sake bugu ko fassara, ko kamfani ya zo daga baya. Tunda ku za ku buga da kanku, ku je maɗaba'a tun yanzu ku tsayar da girman littafin kafin ta ƙara zana ko shafi ɗaya. Za su gaya mata ta bar rarar kusan milimita 3 a gefuna saboda yanka, ta kauce wa sa fuska a tsakiya inda ake ɗinkewa, kuma launin da ke haske a allon kwamfuta yakan dusashe a tawada, don haka ku nemi bugun gwaji ku duba tare kafin a buga duka.

Yana iya yiwuwa ku zauna ku ga hanyarku ba ɗaya ba ce. In haka ta faru, ku rabu a kan littafin da kyau don ku tsira da zumuncin. Ki biya ta ladan aikin da ta riga ta yi ko da ba za a yi amfani da shi ba, gwargwadon abin da kuka daidaita, ko da kaɗan-kaɗan ne. Zanenta ya koma hannunta, tana iya nuna shi a matsayin samfurin aikinta. Ke kuma kada ki ɗauki kyanwarta ko tsarin shafukanta ki miƙa wa wani mai zane, sai da izininta. Wannan zai yi miki tsada a aljihu, na sani, amma shi ne zai sa ku iya ci gaba da gaisawa da fuska a sake.

In ra'ayina kike tambaya, ni haɗin gwiwar nake ganin ya fi muku. Wadda ta karanta labarinki har ta ga inda kalma ta yi yawa, ta kuma ƙirƙiro abin da zai raka yaro daga shafi zuwa shafi, ta shiga cikin labarin da gaske, kuma irin wannan ba a cika samunsa da kuɗi ba. Ki tattara hotunan kakanki, ki ninke takardun nan takwas, ki kira ta cikin satin nan ki ce kina son ganinta. Editar ta ɗan jira har ku gama magana. Allah ya daidaita tsakaninku, ki kuma rubuto mini yadda zaman ya kasance.